Yadda Ake Saita Sitiyarin Jirgin Ruwa Mai Aiki da Matsin Mai

Wanda ya saba da mota yakan ɗauka cewa duk lokacin da jirgi ya miƙe, dole ne sitiyari ya koma daidai inda aka bar shi jiya. A jirgin da ke da sitiyarin haidirolik, wato mai aiki da matsin mai, ba haka abin yake ba, domin babu wani ƙarfe ko waya da ta haɗa sitiyarin da injin. Abin da ke tsakaninsu shi ne famfon da ke bayan sitiyarin, da tiyo biyu, da silinda mai tura injin dama ko hagu. A duk juyi, ɗan mai kaɗan yakan sulale ta cikin famfon ya koma ma'ajiyarsa ba tare da ya motsa silindar ba, sai a wayi gari tambarin da ke tsakiyar sitiyarin ya karkace alhali injin yana tsaye cak. Wannan ɗabi'ar na'urar ce, kuma ta fi fitowa fili idan silindar mai sanda a gefe ɗaya ce, saboda man da ɓangarorinta biyu suke ɗauka bai zo daidai ba.

Saboda haka, kafin a taɓa komai, a tabbatar cewa karkacewar ba alamar matsala ba ce. A juya sitiyarin daga ƙarshen dama zuwa ƙarshen hagu ana ƙirga zagaye, sannan a gwada adadin da abin da littafin kamfanin ya faɗa. Famfo mai tura inci-kubik 1.7 a kowane zagaye, idan aka haɗa shi da silinda mai ɗaukar kimanin 8.3, bai kamata ya kai ƙarshe ba sai a wajen zagaye 5. Idan adadin ya ƙaru sosai, ko sitiyarin ya yi laushi kamar soso a hannu, to iska ta shiga layin ko kuma mai ya ragu. A shafa yatsa a kan sandar silindar da bakin kowane tiyo, a duba ƙasan famfon, domin danshin mai a waɗannan wurare yoyo ne. Sai a cika mai ta bakin famfon, a fitar da iska ta ƙananan bawul biyu na jikin silindar bisa tsarin da kamfanin ya tsara, har man ya riƙa fitowa babu kumfa. Man da kamfanin ya amince da shi kaɗai ake zubawa. Man birki yana cinye robobin ciki, kuma ɓarnar tasa ba ta gyaruwa da sauƙi.

Idan layin lafiya lau yake, saitin kansa aiki ne na 'yan mintuna. A daidaita injin ya fuskanci baya sosai, kuma ya fi kyau a auna tsawon sandar da ta fito a kowane gefen silindar maimakon a dogara da ido. In akwai bawul ɗin da ke haɗa tiyo biyun, a buɗe shi, a juya sitiyarin a hankali har ya tsaya inda ake so, sannan a rufe shi gam. In babu, wasu direbobi sukan kai sitiyarin ƙarshe su ci gaba da dannawa har ya ɗan zame, su dawo tsakiya su duba. Dabarar tana aiki, amma a ganina ba abin yi kullum ba ne, tun da tana ɗora wa tiyo da robobi matsi mai yawa. Kwance notin tsakiya a cire sitiyarin kuwa wahalar banza ce, domin akwai ɗan maɓallin ƙarfe a jikin sandar da sitiyarin ke zaune a kanta, wanda ke tilasta masa zama a wuri guda.

A jirgi mai inji biyu da mai ne ke haɗa su, wannan bawul ɗin ake buɗewa a jera injinan da hannu kafin a rufe. Idan kuma jirgin yana ja gefe guda a kan gudu, ba sitiyarin ne da laifi ba, ƙarfin juyin farfela ne, kuma ana rage shi da gyara ɗan fiffiken da ke saman farfelar. Mai son sanin inda injinsa ya dosa a kowane lokaci, ya sa agogon da ke nuna kusurwar injin a gabansa, tun da sitiyarin zai sake gocewa ko an saita shi yau.