Yadda na gyara na'urar lissafin gas mai rage karatu

Na'urar da ke mayar da karatun mitar gas zuwa ma'aunin zafi 15°C da matsi bar 1.01325 (bar ma'aunin matsi ne) tana ba da adadi ƙasa da na mitar gwaji da kusan kashi 2 cikin ɗari.

Na fara da zafi. Na zare Pt100, wato firikwensin auna zafi, daga kubensa, na tsoma shi cikin dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa. Kamata ya yi ya nuna om 100 daidai (om ma'aunin turjiyar lantarki ne), wato 0°C, amma na'urar ta ce 2.1°C. Firikwensin lafiyarsa ƙalau, laifin haɗi ne. Waya biyu aka ja masa mai nisa, ta ƙara om 0.8, alhali kowane om 0.385 digiri ɗaya ne. Na mayar da haɗin waya huɗu, karatu ya dawo 0.1°C.

Sai matsi. Na rufe bawul, na buɗe firikwensin matsi ga iska. Irin wanda ke ƙirga har da nauyin iska ne, don haka kada ka saita shi a sifili. Abin da barometa, wato na'urar auna nauyin iska, ta nuna a wurin shi za ka bi. Barometa ta ce bar 0.96, firikwensin kuwa 0.94. A layi mai matsi bar 2, wannan gibin kaɗai kashi 1 ne. Na daidaita shi, na haɗa famfon hannu da ma'aunin da aka tantance, na gwada 0, 25, 50, 75 da 100 cikin ɗari, hawa da sauka. In allurar ma'aunin na zamewa ƙasa, shafa ruwan sabulu a mahaɗai don gano yoyo kafin ka taɓa saiti.