Yadda Ake Kula da Furanni Masu Daɗewa da Ciyayin Ado a Lambun Gida Lokacin Hunturun Ingila

Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram ya san hunturu da busasshiyar iska da ƙura, kuma ya san cewa ƙishirwa ce ke kashe shuka a wannan lokaci. A Ingila lamarin ya sha bamban, domin daga Nuwamba zuwa Maris ruwa ne ke yawan zuba, hasken rana a Landan ba ya cika awa 8 a tsakiyar Disamba, ƙasa kuma ta jiƙe sharkaf ta ƙi tsanewa. Da yawa daga cikin furannin da ake asara a lambunan bayan gida ruɓewa suke yi a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa tun kafin sanyi ya kai ga kashe su, kuma duk matakan da za a zayyana a nan sun ginu ne a kan wannan gaskiyar.

Furannin da ake magana a kansu su ne waɗanda ganyensu da karansu ke mutuwa idan sanyi ya shigo, amma saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta sake yin toho a Maris ko Afrilu, shekara da shekaru. Tare da su akwai ciyayin da ake shukawa don ado kawai. Za a ambaci sunayensu kamar yadda ake rubuta su a jikin tukunya a wurin masu sayarwa, domin da su ne mai lambu zai gane abin da ke gidansa.

A da, al'adar masu lambu a Turai ita ce a bi lambu da almakashi a watan Oktoba a aske komai ƙwal, a bar ƙasa tsirara har ƙarshen sanyi. Wannan ra'ayi ya sauya sannu a hankali, musamman ta hannun Karl Foerster, masanin shuke-shuke na ƙasar Jamus wanda ya rasu a 1970, da kuma Piet Oudolf ɗan ƙasar Holan, wanda ya tsara shuke-shuken lambun High Line na birnin New York da aka buɗe kashinsa na farko a 2009. Su ne suka nuna wa jama'a cewa busasshen kara ma yana da kyan gani idan raɓa ta daskare a kansa. Ban da kyan gani, busasshen karan yana kare gindin shuka daga sanyi, irin da ke kansa abinci ne ga ƙananan tsuntsaye, sannan ƙwari masu amfani, waɗanda ke cinye masu ɓarna, a cikin ramin karan suke fakewa. Saboda haka gyaran lambu na hunturu aiki ne na zaɓe, kuma mai gaggawar yanka shi ne ya fi yin ɓarna.

Mataki na farko: a zagaya a rarrabe

A ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, bayan daskarewar farko, wato daren farko da sanyi ya daskarar da raɓa, a zagaya lambun hannu rabbana, ba tare da almakashi ba, a kasa shuke-shuken gida uku: waɗanda suka zube suka fara ruɓewa ko suke da cuta, waɗanda suka bushe amma suna tsaye ƙyam, da waɗanda asalinsu daga ƙasashe masu zafi ne, ba za su jure daskarewa ba. Yana da kyau a kafa ɗan tsinke mai suna a gindin duk shukar da za ta ɓace gaba ɗaya, domin a watan Fabrairu wurin zai zama fili, kuma abu ne mai sauƙi mutum ya soka shebur a tsakiyar saiwar da ya manta da ita.

Mataki na biyu: a cire abin da ke ruɓewa da abin da ke da cuta

Ganyen Hosta da na Hemerocallis, da zarar sanyi ya taɓa su, sai su narke su manne da ƙasa, su zama maɓoyar dodon koɗi da 'yan uwansa marasa ɓawo, waɗanda za su cinye sabon toho tun bai buɗe ba. A kwashe su da hannu, galibi ma ba sai an yanka ba. Peony kuwa a yanke karansa daidai da ƙasa, domin funfunar da ke sa shi yaushi tana kwana a tsohon ganye ta jira shekara mai zuwa. Haka za a yi wa Phlox da Monarda idan ganyensu ya yi farin gari. Hellebore yana fure ne a tsakiyar sanyi, don haka a Disamba ko Janairu ake yanke tsofaffin ganyayensa masu baƙaƙen tabo, furen ya fito fili, cutar kuma ta ragu.

Duk ganyen da ke da cuta kada a zuba shi a tulin takin gida, domin ƙaramin tuli ba ya yin zafin da zai kashe funfuna. A sa shi a kwandon sharar lambu da ƙaramar hukuma ke kwashewa, sannan a goge bakin almakashi kafin a taɓa wata shukar.

Mataki na uku: a bar na tsaye a tsaye

Echinacea, Rudbeckia, Sedum, Eryngium da Phlomis suna riƙe kawunansu har cikin Fabrairu, kuma babu abin da za a yi musu face a ƙyale su. Idan iska ta karya wani kara ya kwanta a kan hanya, a cire shi kaɗai. Akwai kuma wasu da barin karansu ya zama dole, ba don ado ba: Penstemon, Gaura da yawancin nau'o'in Salvia masu ɗan itace a gindi suna iya mutuwa idan aka datse su a kaka, domin ruwa da sanyi suna shiga ta wurin yankan su kai ga gindi. Ana jira har Afrilu, idan aka ga sabon toho a ƙasan kara, sannan a yanke daga samansa. Lavender ma ba a taɓa shi da hunturu, kuma ko a lokacinsa ba a yanka har cikin tsohon itacensa, domin ba kasafai yake sake tohowa daga nan ba.

Mataki na huɗu: a ceci waɗanda ba sa jure daskarewa

Dahlia asalinsa daga Meziko ne. Idan daskarewar farko ta baƙanta ganyensa, a yanke karan a bar kamar santimita 10 zuwa 15, a tone saiwoyinsa masu kauri a hankali daga nesa da gindi don kada a huda su, a kakkaɓe ƙasar, a kife su kara yana kallon ƙasa na kimanin mako biyu ruwan da ke cikin karan ya tsane. Daga nan a jera su a akwati cikin busasshen yashi ko taki, a ajiye a gareji ko ɗakin ajiya mai sanyi wanda ba ya daskarewa, wajen digiri 5 a ma'aunin salshiyas, a riƙa dubawa sau ɗaya a wata ana cire wanda ya fara ruɓewa. A kudancin ƙasar, inda ƙasa ke tsane ruwa da sauri, wasu suna barin sa a ƙasa su lulluɓe shi da taki mai kauri, amma wanda ƙasar gidansa yumɓu ce gara ya tone.

Shukar da ke cikin tukunya ta fi ta ƙasa shiga hatsari, domin sanyi yana kai wa saiwarta ta kowane gefe. A matsar da tukwanen jikin bangon gida, a ɗora su a kan bulo ruwa ya samu mafita, a naɗe jikin tukunyar da buhun algarara, a kuma cire farantin da ake sa wa a ƙarƙashinta.

Mataki na biyar: a lulluɓe ƙasa

Bayan an tsince ciyawar da ba a so, a shimfiɗa ruɓaɓɓen taki ko ruɓaɓɓen ganye mai kaurin santimita 5 zuwa 7 a tsakanin shuke-shuken, a ranar da ƙasa ke da danshi amma ba ta daskare ba. A bar ɗan fili kewaye da gindin kowace shuka, domin takin da ya manne da gindi yana riƙe ruwa ya jawo ruɓewar da ake gudu. Waɗanda suka fi ƙin ruwa, irin su Lavender da Sedum, ƙananan tsakuwa suka fi dacewa da gindinsu.

Daga nan har ƙarshen Janairu aikin kaɗan ne. A riƙa kwashe ganyen bishiya da ya taru a kan ƙananan shuke-shuke masu ganye kore, a kakkaɓe dusar ƙanƙara idan ta yi nauyi a kan dogayen ciyayi, kuma idan ya zama dole a shiga tsakiyar furanni, a shimfiɗa katako a taka, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa idan aka tattake ta tana danƙarewa ta hana saiwa numfashi.

Mataki na shida: ciyayin ado

A nan ne aka fi yin kuskure, domin ciyayin nan kashi biyu ne kuma abin da ke gyara ɗaya yana iya kashe ɗayan. Hanyar ganewa ita ce a dubi ciyawar a watan Janairu: idan ta bushe gaba ɗaya ta koma launin kara, to tana cikin kashin da ake yankewa, idan kuwa har yanzu akwai kore ko shuɗi ko ja mai rai a ganyenta, ba a yanke ta.

Kashi na farko ya haɗa da Miscanthus, wanda asalinsa daga gabashin Asiya ne, da Calamagrostis, wanda shahararren nau'insa ke ɗauke da sunan Karl Foerster, da Panicum, da Molinia, da kuma Pennisetum, wanda dangin gero da ƙyasuwa ne, abin da duk wanda ya dubi zangarniyarsa zai gane. Molinia ita ce ke fara zubewa, sau da yawa tun Disamba, kuma karanta yana ɓallewa daga gindi da ɗan ja kaɗan, sai a tattare. Calamagrostis yana saurin toho, don haka a yanke shi a Fabrairu. Miscanthus da Pennisetum ba sa farkawa da wuri, kuma tsohon karansu garkuwa ne a gare su, saboda haka a jinkirta su zuwa tsakiyar Maris, a arewacin Ingila da Sukotland ma har Afrilu.

Kafin a sa ƙarfe a gindin kowace babbar ciyawa, a buɗa ta da hannu a leƙa ciki. Bushiya tana barcin hunturu daga kusan Nuwamba zuwa Maris, kuma gindin ciyawa mai kauri yana cikin wuraren da take yin sheƙa. Yawanta ya ragu ƙwarai a Birtaniya, har a 2020 aka sa ta cikin jerin dabbobin ƙasar da ke fuskantar barazana. Idan aka same ta, a mayar da ganyen yadda yake a bar wannan gindin sai Afrilu.

Yadda ake yankan kuwa shi ne a zaɓi ranar da babu ruwa, a ɗaure ciyawar da igiya a tsakiyarta tamau kamar yadda ake ɗaure damin karan dawa, sannan a yanke ta ƙarƙashin igiyar da babban almakashin aske shinge, a bar santimita 10 zuwa 15 ga manya, 5 zuwa 8 ga ƙanana. Damin zai faɗi gaba ɗaya a ɗauke shi, maimakon ganye ya watsu iska ta kai shi gidan maƙwabta. Sai a sa yatsu a tsefe guntayen da suka rage a tsakiyar gindin, haske da iska su shiga. Idan aka makara har sabon toho ya taso a tsakanin tsofaffin kara, babban almakashi bai dace ba kuma, domin duk ganyen da aka datse kansa zai girma da gundulallen baki har ƙarshen shekara. Sai dai a zauna da ƙaramin almakashi a bi karan ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai cin rai, shi ya sa ya kamata a riƙa leƙa gindin tun daga tsakiyar Fabrairu. Karan da aka yanke, a daddatsa shi ƙanana kafin a zuba a tulin taki, in ba haka ba zai daɗe bai ruɓe ba.

Kashi na biyu ya haɗa da Festuca mai shuɗin ganye, da Carex, da Stipa. Waɗannan tsefe su ake yi a Maris ko Afrilu: a sa safar hannu ta roba, a cusa yatsu daga gindi a ja sama, mataccen ganye zai biyo hannu, mai rai ya tsaya. Dogayen karan furen Stipa gigantea kaɗai ake yankewa daga ƙasa. Ciyawar Pampas, mai farar zangarniya wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, tana buƙatar shiri na musamman, domin gefen ganyenta yana yanka fata sosai; a sa safar hannu mai kauri da riga mai dogon hannu da tabarau, a yanke tsofaffin karan fure, a zaƙulo mataccen ganye da manjagara. Tsohuwar dabarar cinna mata wuta ba abin yi ba ce a lambun da ke tsakanin shingayen katako, kuma tana halaka duk abin da ya fake a ciki. Akwai kuma jan Pennisetum da ake sayarwa da sunan Rubrum, wanda ba ya jure daskarewa ko kaɗan. Wannan tun Oktoba ake shigar da tukunyarsa wuri mai haske da ba ya daskarewa.

Mataki na bakwai: yankan ƙarshe da raba gindi

A ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, sauran furannin da aka bari a tsaye sun gama aikinsu, ban da Penstemon, Gaura, Salvia da Lavender da aka ambata a mataki na uku. A yanke su kusa da ƙasa, ana lura da tohon da ya fara leƙowa da kuma ƙananan furanni masu saiwa kamar albasa da ke fitowa a tsakaninsu. Yana da kyau a jingine karan a wani lungu na ɗan lokaci kafin a daddatsa, ƙwarin da ke ciki su samu fita idan ɗumi ya shigo.

Idan aka ga tsakiyar gindin ciyawa ya mutu ya bar zobe kore a kewaye, lokacin rabawa ya yi. Ba a raba Miscanthus da Pennisetum a kaka ko tsakiyar sanyi, domin saiwarsu ba ta girma a ƙasa mai sanyi, kuma guntun da aka dasa zai zauna cikin ruwa ya ruɓe. A jira Afrilu ko farkon Mayu, idan toho ya kankama, a tone gindin gaba ɗaya, a sare shi da shebur mai kaifi ko tsohon zarto, a zubar da mataccen tsakiyar, a dasa guntayen gefe daidai zurfin da suke a da, a ba su ruwa sosai a makonnin farko.