Yadda Ake Kula da Rigar da Ɗan Ƙwallo Ya Buga Wasa da Ita: A Wanke ko a Bari?

A watan Mayun 2022 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shuɗiyar rigar da Diego Maradona ya sa ranar da Ajantina ta doke Ingila da ci 2 da 1 a gasar cin kofin duniya ta 1986, a kan fam miliyan 7.1. Rigar ta Steve Hodge ce, ɗan wasan Ingila da ya yi musaya da Maradona bayan an tashi daga wasan. Ana shirin gwanjon sai 'yar Maradona, Dalma, ta ce ai wannan rigar ta kafin hutun rabin lokaci ce, ba wadda mahaifinta ya ci ƙwallayen Ajantina biyu da ita bayan hutu ba. Kamfanin ya kare kansa da aikin masu gwada riga da hotunan wasa, waɗanda suka bi zaman tambari da lamba da layukan yadin ɗaya bayan ɗaya, suka ce sun dace da hotunan bayan hutu. Darajar irin wannan riga tana rataye ne a kan ƙananan alamomin da ke jikinta, kuma ruwa da sabulu da dutsen guga na iya shafe wasunsu cikin rabin sa'a. Saboda haka wanda ya samu rigar da ɗan wasa ya cire daga jikinsa, ko a gwanjo ya saya ko a filin wasa na Sani Abacha da ke Kano aka jefo masa ita, ya fara da niyyar ba zai wanke ba, sai in wani dalili mai ƙarfi ya tilasta masa.

Mataki na farko: busar da ita a ranar da ta shigo hannunka

Rigar da aka cire bayan minti 90 jiƙe take da zufa, kuma abin da yawancin mutane ke yi shi ne su cusa ta a leda su ƙulle don kada ta ɓaci. Wannan shi ne hanya mafi sauri ta lalata ta, domin danshin da aka tsare a cikin leda, musamman da damina, yana haifar da fumfuna cikin 'yan kwanaki. Ka shimfiɗa ta a kan farin ƙyalle mai tsabta, cikin ɗaki mai iska, inda rana ba ta taɓa ta, ka juya ta sau ɗaya ko biyu har ta bushe ƙarau, har da wuya da hammata inda ɗinki ya yi kauri. Kada ka shanya ta a igiya a tsakar gida, don rana tana kodar da launi da tawadar sa hannu, kuma kada ka kusantar da ita ga wuta. Mafi yawan warin da ke sa mutum sha'awar wanki yana raguwa sosai da zarar rigar ta bushe.

A wannan rana kuma ka sanar da mutanen gida. A gidajenmu riga mai dauɗa ba ta kwana biyu a ajiye ba tare da wani mai son alheri ya haɗa ta da kayan wanki ba, ko ya miƙa wa mai wanki da guga, wanda zai dirje ta da omo ya bi lambar da dutsen guga mai gawayi. Ka faɗa a fili cewa wannan rigar ba ta wanki ba ce, ka kuma raba ta da sauran tufafi.

Mataki na biyu: ɗauki hoto ka rubuta tarihinta

Kafin ka goge ko da ƙura, ka ɗauki hoton gaba da baya a cikin haske mai kyau, sannan ka matso kusa ka ɗauki kowane tabo, da inda zare ya warware, da tambarin kulob, da lakabin da ke cikin wuya ko gefen ƙugu, da sa hannu idan akwai. Ka rubuta sunan ɗan wasan, da ranar wasan, da filin, da abokan karawa, da yadda rigar ta zo hannunka. Daga nan ka nemi hotunan wasan da bidiyonsa a intanet ka gwada. Idan ka ga koren tabon ciyawa a kafaɗar hagu a hoton minti na 70, ka kuma ga shi a wuri ɗaya a rigar da ke gabanka, to ka samu shaidar da ta fi takardar kowane dillali ƙarfi, domin ana iya ƙirƙirar takarda amma da wuya a ƙirƙiri tabo mai siffa ɗaya a kan layin yadi ɗaya.

Mataki na uku: gane irin rigar da kake riƙe da ita

A nan ne shawarar take, kuma a nan ya kamata a daɗe ana tunani.

Akwai rigar wasa guda, wadda aka sa a rana sananniya aka cire ba a wanke ba. Ita ce dauɗarta ke cikin darajarta. A watan Satumban 1989 Terry Butcher na Ingila ya fashe a kai a wasan neman gurbin kofin duniya da Sweden, aka ɗinke shi ya koma fili, ya ci gaba da sa kai a ƙwallo har farar rigarsa ta rine da jini. Duk wanda ya wanke riga irin wannan ya mayar da ita farar rigar Ingila kamar sauran dubbai. Haka da a ce rigar da Ahmed Musa ya ci Iceland ƙwallo biyu da ita a Volgograd a 2018 za ta shigo hannun mutum yadda aka cire ta, babu mai hankalin da zai kai ta bakin famfo. A yau ma akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce karɓar riguna daga kulob ɗin Turai bayan wasa su yi gwanjonsu ba wanki, kuma masu saye suna ƙara kuɗi ne saboda laka da ciyawar da ke jiki.

Akwai kuma rigar da ɗan wasa ya yi ta sawa tsawon kaka, mai kula da kayan kulob yana wankewa bayan kowane wasa. Haka aka saba a da ko a manyan kulob, haka kuma har yanzu ake yi a ƙungiyoyin da ba su da kuɗin sabuwar riga kowane mako. Irin wannan ta riga ta sha wanki, kuma koɗewar lamba da laushin yadi da gyaran ɗinki su ne shaidarta. Duk da haka wankin kulob a lokacin wasa daban yake da wankinka na yau: na farko yana cikin tarihin rigar, na biyu kuwa canji ne da mai saye zai so a gaya masa.

Sai riga mai sa hannu. Tawadar maka tana iya zuba ko ta yi dishi-dishi a ruwa, kuma ba ta da gyara. Wannan kam ba a jiƙa ta, ko da kuwa tana wari.

Ta ƙarshe ita ce rigar da dauɗarta ba ta fili ba ce: shayi ya zube mata a gida, ko ɗaki ya yi yoyo, ko fumfuna ta kama ta a akwati. Wannan dauɗar ba ta shaida komai, ɓarna kawai take yi, kuma ita kaɗai ce ke buɗe ƙofar tsabtacewa.

A gaskiya barin zufa a jikin yadi ba ya rasa illa. Gishiri da maiƙon jiki suna sa farin yadi ya yi rawaya bayan shekaru, kuma dauɗa tana jawo ƙwari. Sai dai rigunan zamani na roba ne, wato foliyesta, wanda ke jure wannan fiye da auduga ko ulu, muddin a bushe yake. A ganina, ɗan rawayar da za ta zo a hankali cikin shekara goma ta fi sauƙi a kan shaidar da za ta ɓace a rana ɗaya. Tsofaffin riguna na ulu, irin wadda Babe Ruth, shahararren ɗan wasan baseball na Amurka, ya sa a 1932 aka sayar a kan dala miliyan 24.12 a 2024, aikin ƙwararrun masu adana yadi ne na gidajen tarihi, ba aikin gida ba.

Mataki na huɗu: fara da tsabtacewar da ba ruwa

Idan ƙura ce kawai, kamar wadda hunturu ke shigarwa ko'ina, ka wanke hannunka ka busar, ka shimfiɗa rigar a tebur, ka share da buroshi mai laushi sosai, kana bi gefe ɗaya ba tare da dirzawa ba. Ka kauce wa busasshiyar lakar fili, domin tana ɓarewa. Idan fumfuna ce, ka fita da rigar waje cikin inuwa, ka rufe hancinka da takunkumi, ka bari ta bushe sarai kafin ka share, saboda ɗanyar fumfuna shiga yadi take ƙara yi idan an goge ta. Kada ka fesa turare ko maganin sauro don kashe wari, kuma kada ka turara ta da turaren wuta, domin maiƙon hayaƙin yana manne wa yadi ya bar tabon da ba ya fita.

Mataki na biyar: in wanki ya zama dole

Ka fara da gwaji. Ka jiƙa ɗan farin ƙyalle da ruwan sanyi ka danna a wuri ɓoyayye na kowane launi, kamar cikin lafin ƙasa, na ɗan lokaci. Idan launi ya fito a ƙyallen, rigar tana zuba, sai ka tsaya nan. Ka kuma duba lamba da suna da tambarin mai talla: yawancinsu da zafi aka manna su, kuma idan gefensu ya fara ɗagowa ko sun tsattsage, ruwa zai ƙarasa su.

Idan ta tsallake gwajin, kuma tabon ƙarami ne, ka tsaya a kan tabon kaɗai. Ka sa tawul fari a ƙarƙashinsa, ka riƙa dannawa da ƙyalle mai ɗan ruwa da ɗigon sabulun ruwa marar turare, daga gefen tabon zuwa tsakiyarsa, kana canza wurin tawul ɗin yayin da dauɗa ke sauka. Idan kuwa duk rigar ce za ta shiga ruwa, ka juya ta bai-bai, ka nutsa ta a baho mai ruwan sanyi da sabulu kaɗan, ka riƙa danna ta da tafin hannu na 'yan mintuna, ba cuɗawa ba dirzawa. Ka ɗauraye ta sau da yawa har kumfa ta ƙare, domin ragowar sabulu ma tana jawo ƙura. Kada ka matse ta ta hanyar murɗawa. Ka shimfiɗa ta a tawul ka naɗe a hankali don ya tsotse ruwan, sannan ka busar a kwance cikin inuwa.

Ruwan zafi yana kafe tabon jini ya kuma narkar da gam ɗin lamba. Bilic yana cin launi, bula kuma tana rina farin yadi. Injin wanki yana karya rubutun da aka manna, wankin kamfani na sinadari kuwa yana iya sakin gam ɗin gaba ɗaya. Guga ba ta da wuri a wannan aiki ko kaɗan, tunda rigar ajiya ba ta buƙatar kari. Bayan ka gama, ka ƙara a takardar tarihin rigar ranar da ka tsabtace ta da abin da ka yi amfani da shi, ka ajiye hotunan kafin da bayan.

Mataki na shida: ajiya

Rigar da aka ajiye da kyau ba ta sake buƙatar a yi maganar wanki. Fumfuna tana samun dama ne idan laimar iska ta wuce kimanin kashi 65 cikin 100, shi ya sa gidajen tarihi ke neman tsayar da ita wajen kashi 50. A Kano ko Zinder haɗarin yana cikin watannin Yuli zuwa Satumba, a Legas ko Kumasi kuwa kusan duk shekara ne. Ka kwantar da rigar a akwati mai tsabta, ka shimfiɗa farin ƙyallen auduga da aka wanke aka ɗauraye sosai a ƙasa da samanta, ko takardar adana kaya marar asid idan ka samu. Ka rage ninki, kada layin ninki ya bi ta kan lamba, kuma ka sa ƙyalle tsakanin rubutu da rubutu don kada zafin bazara ya manne su. Ƙananan ƙunshin tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi suna taimakawa, amma sai ana canza su. Ka ɗaga akwatin daga ƙasa ka kuma janye shi daga bango saboda gara da kyankyaso da ɓera, kuma idan za ka sa kafur kada ya taɓa rigar. Hangar ƙarfe tana tsatsa tana kuma ɓata kafaɗa, don haka ba a rataye rigar ajiya a kanta.

Wanda ke son sa ta a firam ya zaɓi bangon da rana ba ta haskawa, ya nemi gilashin da ke tare hasken da ke kodar da launi, ya kuma tabbatar an bar tazara tsakanin gilashin da yadin. Ya tsaya a kan mai firam ɗin kada ya sa gam ko ƙusa ko sitefula, domin da zare da allura ake kama riga, ta cikin ɗinkin da ke jikinta. Ka buɗe akwatin ko ka sauko da firam ɗin a farkon damina da ƙarshenta, ka duba wuya da hammata da bayan lamba, inda fumfuna ke fara bayyana kamar farin gari.