Yadda Ake Gano Matsalar Wuta Mai Zuwa Ta Tafi A Tsohuwar Mota

Tsofaffin Peugeot 504 da Marsandi 230 da har yanzu ake gani a hanyar Katsina zuwa Daura, wayoyin yawancinsu sun haura shekara 30. Zafin bazara ya busar da robar, ƙurar hunturu ta shiga kowane soket. Da mai mota ya ce "wani lokacin tana ɗaukewa", sai ka ga sabon yaron gareji ya fara canza kaya: yau kwal (mai tura wa fulogi wutar tartsatsi), gobe fulogi, jibi batir. Kuɗin mutum ya ƙare, matsala tana nan daram.

Kafin ka ɗauki sifana, zauna da mai motar. Alhaji, yaushe take yi? In sai an yi tafiya injin ya ɗau zafi, zargi kwal ko kondansa (ƙaramar na'urar da ke aiki tare da kwantak a distirbuta, mai raba wa fulogi wuta). In a kan gargada ne, wata waya ce ta saki ko ta karye a cikin robarta. Bayan ruwan sama ko wankin injin, danshi ne a murfin distirbuta. In kuwa sai an kunna fitila ko sigina abubuwa ke rikicewa, je ka wajen wayar negatib kai tsaye.

Batir ba ya buƙatar dogon bayani. A kashe, mita (na'urar auna wuta) ta nuna kusan bolt 12.6. Lokacin tayarwa kada ta faɗi ƙasa da 9.6. Injin yana aiki, tsakanin 13.8 da 14.4.

Inda ake faɗuwa shi ne gwajin wayar negatib, wadda ta haɗa batir da bodi da kuma injin. Yaro zai sa mita a gwajin ƙara, ya taɓa nan ya taɓa can, mita ta yi kuka, ya ce waya lafiya lau. Wannan gwajin yaudara ne. Ko da silin tagulla ɗaya ne ya rage a cikin wayar, mita za ta yi kuka, domin wutar da take turawa 'yar ƙanƙanuwa ce. Kikstata kuwa, wato mai juya injin lokacin tayarwa, tana jan sama da amfiya 100. Saboda haka waya ba a gwada ta sai tana ɗauke da kaya.

Ga yadda za ka yi. Cire ƙaramar wayar da ke kai wuta kwal don kada injin ya tashi. Sa mita a bolt na batir. Ɗora baƙin tsinken mita a kan dalmar negatib ta batir ɗin ita kanta, ba a kan maƙalar ba, jan tsinken kuma a jikin injin inda ƙarfe yake fes. Wani ya murɗa makulli, kai kana kallon mita. In ta nuna 0.2 ko ƙasa, hanyar a buɗe take. In ta kai 0.5 ko fiye, wuta tana maƙalewa a wani wuri. Daga nan sai ka riƙa matso da jan tsinken baya, gaɓa bayan gaɓa: kan kusar da ta ɗaure wayar a injin, ƙarshen wayar, maƙalar batir. Inda lambar ta faɗo, tsakaninsa da wurin da ka baro ne ɓarnar take. Sau da yawa tsakanin dalmar batir da maƙalarta ne, wurin da ido ke gani kamar ba komai. Maimaita a ɓangaren fositib, daga batir zuwa babbar kusar kikstata, nan kada ya wuce 0.5.

In ba ka da mita, ɗauki wayar jona batir ka haɗa negatib da jikin injin. Matsala ta ɓace? To ka samu amsa. Amma gara ka mallaki mita taka.

Lanƙwasa wayar negatib kusa da bakinta. In ta yi tauri ko ta kumbura, yanka robar, za ka tarar da kore-koren gari a tsakanin silin tagullar. Irin wannan ba a wanke ta, canzawa ake yi, kuma da mai kauri irin nata. Motar da aka sake wa fenti, duba ƙarƙashin zoben wayar, don masu fenti ba sa kare wurin. Goge da samfefa har ƙarfe ya yi haske, ɗaure tamau, sannan ka shafa giris a sama. Wata alama da ba a kula da ita: in wayar totur ko ta cok tana zafi bayan tayarwa, wuta ce ta rasa hanya take bi ta cikinta.

In negatib ta fita lafiya, tayar da injin ka riƙa girgiza damin wayoyi da hannu, musamman inda suke ratsa ƙarfe daga gidan injin zuwa cikin mota. Girgiza makulli ma, domin damin mabuɗai mai nauyi yana cinye shi. A tsohuwar Marsandi, fis masu tsinin baki suna yin tsatsa a ƙarshensu ba tare da sun ƙone ba, juya kowanne a mazauninsa ka ga ko fitila za ta motsa. Kada ka taɓa naɗa wa fis waya ko takardar sigari, haka motoci ke kamawa da wuta.

Matsalar zafi kuwa a lokacin da ta faru ake kama ta. Da motar ta mutu, nan take ka duba ko tartsatsi na fitowa daga kwal, kafin ta huce. Babu tartsatsi amma wuta tana isa kwal, fara da kondansa tunda ita ce mai arha, ka duba tazarar kwantak (bakin da ke buɗewa yana rufewa a cikin distirbuta), milimita 0.4 a 504. Duk wayar da ka jona, ka yi mata dalma, murɗawa da salatif ba ta kai wata damina. Cire negatib na batir tukuna kafin ka yanka komai.