Shawara kan saita na'urar neman zinare a jar ƙasa

'Yan'uwa masu fita daji, yawancin ƙarar banza da na'ura ke yi daga ƙasa take fitowa, musamman marmara da baƙin yashi masu yawan sinadarin ƙarfe.

Kafin ku fara, ku nemi wurin da babu wani guntun ƙarfe a binne, ku riƙa ɗaga faifan na'urar (wanda ake ja a kan ƙasa) sama kamar taƙi ɗaya kuna saukar da shi dab da ƙasa, har sautin ya daina canjawa. Daidaita ƙasa ke nan. Da launin ƙasa ya sauya, a sake. Sannan a rage ƙarfin jin na'urar har zugin ya natsu. Ƙure shi ba ya ƙara zurfi, sai dai ya binne siginar ƙaramin zinare cikin hayaniya.

Injin VLF (mai aika sigina cikin ƙasa ba tsayawa) irin Gold Monster 1000 mai kilohaz 45 gwani ne wajen 'yan ƙananan gutsattsari na kusa da sama, amma duwatsu masu ƙarfe suna ruɗa shi. Injin PI (mai aika sigina bugu-bugu) kamar GPX 5000 ya fi jure muguwar ƙasa, ya fi nitsawa, sai nauyi da tsada. A kan GPX, faifan mono (mai naɗin waya ɗaya) ya fi zurfi, DD (mai naɗi biyu masu siffar D) kuma ya fi shiru inda ƙasa ta yi zafi, wato ta cika sinadarin ƙarfe.

Tace ƙarfe kuwa, wato saitin da ke sa na'ura ta yi watsi da ƙarafan banza, a kashe shi, don yakan jefar da ƙaramin zinare tare da ƙusa. A binne ɗan guntun dalma a gwada saiti da shi, don siginarsa ta yi kama da ta zinare, a kuma ja faifan a hankali ba tare da ɗaga shi a ƙarshen lilo ba.