Kurakuran da masu kafa kamfani ke yi wa aƙidarsu ranar sayarwa

Na gaji da sauraren masu sabon kamfani suna rantsuwa cewa su masu aƙida ne, ba za su taɓa bari a cuci ma'aikacinsu ko abokin cinikinsu ba, sannan in same su bayan sun sayar da kamfanin suna ƙorafi cewa mai saye ya rushe duk abin da suka gina. Kusan kullum kurakurai iri ɗaya ne ake maimaitawa, kuma biyu daga cikinsu ni kaina na tafka su, na kuma ɗanɗana kuɗarsu.

Mafi muni shi ne yarda da alkawarin baki. Lokacin da na sayar da kamfanina na farko, wanda ya saya ya dube ni ido cikin ido ya ce ba zai sallami ko mutum ɗaya daga cikin ma'aikatana ba, domin a cewarsa su ne ainihin abin da yake saye. Lauyana ya ce a sa wannan magana cikin yarjejeniya, ni kuwa na hana shi, saboda na ji kunya, ina ganin hakan tamkar in ce wa mutumin ban yarda da shi ba ne alhali muna ta raha da juna. Ba a cika wata shida ba aka sallami yawancinsu, har da waɗanda suka yi haƙuri da ni a lokacin da albashi ke makara. Na je wurinsa a fusace, ya nuna mini takardar da na sa wa hannu, ya tambaye ni a wane shafi aka rubuta abin da nake faɗa. Ban sami amsa ba. Har yau ba mai sayen nake zargi ba kamar yadda nake zargin kaina, domin shi ya yi abin da takarda ta ba shi dama ne, ni kuwa na sayar da amanar mutane don gudun kunyar minti biyar.

Kada wani ya ce wannan matsalar ƙananan 'yan kasuwa ce. Jan Koum da Brian Acton, waɗanda suka kafa WhatsApp, sun shahara da ƙin jinin talla a cikin manhajarsu, kuma sun sayar wa Facebook ita a shekarar 2014 a kan kimanin dala biliyan 19. Da saɓani ya taso a kan yadda za a riƙa samun kuɗi da manhajar, abin da ya rage musu shi ne ficewa: Acton ya tafi a 2017, Koum ya bi shi a 2018, kuma a 2025 aka sanar da shigo da talla cikin WhatsApp. Ku kwatanta da Ben & Jerry's, kamfanin askirim na Amurka da Unilever ya saya a shekarar 2000 a kan dala miliyan 326. Waɗanda suka kafa shi sun dage sai da aka rubuta cewa kamfanin zai ci gaba da samun kwamitin gudanarwa mai cin gashin kansa wanda zai kula da manufofinsa na zamantakewa. Wannan sharaɗi bai hana rigima ba, amma shi ne ya ba kamfanin ƙafar tsayawa har ya maka Unilever a kotu a 2022. Wanda ya rubuta yana da abin da zai kai gaban alƙali, wanda bai rubuta ba kuwa sai dai ya tattara kayansa.

Al'adata yanzu ita ce, kafin in zauna da kowane mai saye, ina rubuta abubuwa uku kacal waɗanda ba sa cikin ciniki, in miƙa wa lauya ya mayar da kowannensu sharaɗi mai wa'adi da kuma diyyar da za a biya idan an karya shi. Na tsaya a uku ne domin wanda ya zo da sharuɗɗa goma sha biyar bai san abin da ya dame shi ba, kuma mai saye zai gane hakan nan take. Idan ya ce sharuɗɗan za su rage farashi, ina karɓar ragin. Nan ne mutum yake sanin ko aƙida ce da shi ko kuwa daɗin baki ne kawai yake yi tun farko.

Kuskure na biyu da ya ƙona ni shi ne yarda a biya ni wani kaso na kuɗin daga baya, bisa sharaɗin cewa kamfanin zai kai wani adadi na riba, alhali ragamar kamfanin ta riga ta bar hannuna. Masu farawa suna ruɗuwa da jimillar da aka ambata, ba sa lura da cewa wanda zai biya su shi ne kuma zai riƙa yanke shawarar abin da za a kashe da yadda za a lissafa ribar. Abin da ya fi asarar kuɗi ciwo shi ne yadda tsarin ya mayar da ni. Na tsinci kaina ina goyon bayan ƙarin farashi da rage ingancin kaya, abubuwan da na sha alwashin ba zan yi ba, don kawai in cika adadin da zai sa a sakar mini kuɗina. Ku daina yaudarar kanku cewa za ku zauna a ciki ku kare aƙidarku, domin wanda ake riƙe da rabin kuɗinsa ba ya iya ɗaga murya a taro. Ni dai yanzu na fi son ƙaramin farashi a hannu gaba ɗaya, idan kuma dole ne a jinkirta wani kaso, to a ɗaura shi a kan yawan ciniki, wanda ya fi riba wuyar murɗawa a littafin lissafi.

Akwai kuma masu ɓoye aibin kamfani lokacin da mai saye ke binciken ƙwaƙwaf, kamar bashin da ba a bayyana ba ko babban abokin cinikin da ke shirin tafiya. Ban da rashin gaskiyar da ke ciki, yawancin yarjejeniyoyin sayarwa suna ɗauke da tabbacin da mai sayarwa ya bayar a rubuce, wanda za a bi shi da shi ko bayan an biya. Ni nakan fara da lissafa aibobin da kaina tun zaman farko.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Kada ka haɗa aljihunka da asusun kamfani, kuma kada ka jira sai mai saye ya zo kafin ka gyara littattafan lissafi, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka rubuta rabon hannun jari da abokin tarayyarka tun kuna shiri. Kada ma'aikatanka su ji labarin sayarwa daga bakin wani.

Sharaɗin hana ka buɗe irin wannan kasuwanci bayan sayarwa ma ka karanta shi da kyau, shekara nawa ne kuma a wane yanki. Warren Buffett, shahararren attajirin Amurka mai zuba jari, shi da kansa ya yi sakaci da shi ta ɓangaren mai saye: ya sayi mafi yawan kamfanin kayan ɗaki na Rose Blumkin a birnin Omaha a 1983 ba tare da wannan sharaɗi ba, sai ga ta a 1989, tana da shekara 95, ta yi fushi da jikokinta ta buɗe wani shago daura da na farko. Daga baya ya sayi wannan shagon ma, kuma a karo na biyu sai da ya sa ta sanya hannu.