Yadda za ku shirya yawon buɗe ido da abokan karatu a ƙasar waje

1. Ku tsayar da wuri ɗaya ko biyu. Mai son ganin gari duka a yini guda, a mota zai wuni.

2. Ku duba ranakun buɗewa kafin ku yanki tikiti. Gidan tarihi na Louvre da ke Faransa, alal misali, a rufe yake ran Talata.

3. Kowa ya riƙe katinsa na ɗalibi, wurare da dama na rage kuɗin shiga da shi. In za a tsallaka iyaka, kada a bar fasfo da takardar izinin zama, ko da cikin yankin Schengen ne, wato ƙasashen Turai da ba a saba binciken fasfo a iyakokin da ke tsakaninsu ba.

4. Mutum ɗaya ya riƙe kuɗin karo-karo.

5. Ku sa wurin haɗuwa da lokaci, don cajin waya kan ƙare. Lambar gaggawa a Tarayyar Turai 112 ce.